Mi Ta Hana? Tarihin Antikor, Ƙwayoyin T da Tambayar Inna

Tambayar Inna ce ta sa ni wannan rubutu. A hutun da ya wuce na koma gida Maradi, na tarar ana ƴar gardama a tsakar gida. Ɗiyar Yayana ta cika wata tara, uwarta na son kai ta likita a yi mata allurar ƙyanda da ta sanƙarau, Inna kuwa ta ce ba inda za a kai mata jika. Da na sa baki, sai ta juyo ta dube ni ta ce: "Ke ƴar lakkwal, zamna in tambaye ki. Uban yarinyar ga an yi mishi allurar sanƙarau yana da shekara ukku, ni na riƙe mishi hannu. Mi ta hana?"

Da gaskiyarta. A bazarar 2009, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Nijar da arewacin Najeriya, Yaya ya kwanta yana da shekara goma sha biyu. Ya tashi, amma ciwon ya tafi da jinsa. Tun daga ranar da hannu muke magana da shi. Ni kuwa bayan kamar shekara biyu aka jera mu a filin lakkwal aka yi mana wata allurar, aka ce sabuwa ce. Na buɗe baki in ba Inna amsa, abin da ya fito shi ne abin da muke ji a rediyo: allura tana ƙara wa jiki garkuwa. Ta ce: "To tashi garkuwar ina ta tahi?" Na yi shiru.

Ilimin harsuna nake karantawa. Amma da na koma Yamai na ari kaye da littattafan wata abokiyar ɗakina mai karatun likita, na yi ta bibiya. Sai na gano amsar Inna tana cikin wani tarihi da ya haura shekara ɗari, kuma rabinsa tarihin kalmomi ne. Kafin mu shiga, ƴan'uwa, mu yi yarjejeniya: in na ce mikrob, ina nufin abin da ke kawo cuta, in na ce ƙwaya, ina nufin ƙwayar halittar jikinmu. Hausa ta ɗora wa kalmar ƙwaya kaya da yawa, dole a rage mata.

Gardamar Faris da Barlin

A 1882, a garin Messina na Italiya, wani masanin dabbobi ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, ya soka ƙaya a jikin ƴaƴan wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ake hango cikinta kamar gilashi. Washegari ya ga wasu ƙwayoyi masu yawo sun taru sun yanyame ƙayar. Ya ce ga masu tsaron jiki nan: ƙwayoyin da ke cinye baƙo. Aka sa musu suna fagosit, daga kalmar Girkanci mai nufin ci. Mu ce musu maciya. Daga 1888 Metchnikoff ya zauna a Cibiyar Pasteur ta Faris.

A Barlin kuwa, a watan Disamba na 1890, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato ɗan Japan suka nuna cewa in ka ɗebi ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin tetanos, ka zuba wa wadda ba ta saba ba, ita ma sai ta tsira. Ruwan babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa. Ke nan akwai wani abu narkakke da ke yin aikin. Paul Ehrlich ya kira shi Antikörper, Faransawa suka ce anticorps, mu ma muke cewa antikor. Abin da ke sa jiki ya ƙera antikor kuma aka kira shi antijen, kalmar da ta bayyana a 1899 a rubutun László Detre ɗan Hangari. Ku lura da wannan, don zai dawo: tun ran suna, an bayyana antijen ne ta hanyar antikor, kamar a ce ba wanda ke ganinsa sai shi.

Sai gardama ta kaure. Faris ta ce maciya ne ke tsaron jiki, Barlin ta ce ruwan jini ne. Ba a kuma manta da yaƙin 1870 tsakanin Faransa da Jamus ba, shi ma ya ƙara wa wutar itace. A 1903, a Landan, Almroth Wright da Stewart Douglas suka lura da abin da ya kamata ya raba gardamar: maciya sun fi haɗiye mikrob in ruwan jini ya fara shafe shi. Suka kira abin shafawar opsonin, daga kalmar Girkanci da ta shafi tanadin abin haɗa abinci. Da Bahaushe ne ya sa sunan, da mahaɗi zai ce. Tuwo gaya yana da wuyar haɗiya. A nan aka ga ruwan jini na gyara wa ƙwaya abincinta. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakanin Metchnikoff da Ehrlich, amma a zahiri ƴan antikor ne suka riƙe fagen har kusan shekara hamsin, domin antikor ana iya auna shi a kwalba, ƙwaya kuwa tana da wuyar sha'ani.

Haruffa biyu: T da B

A 1956, a Ohio ta Amurka, Bruce Glick da Timothy Chang suka gano cewa kajin da aka cire wa wata ƴar jaka da ke kusa da dubura tun suna ƴan tsaki ba su iya yin antikor. Sunan jakar bursa. A 1961, a Landan, Jacques Miller ya cire wa jariran ɓeraye timis, wata ƴar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda da ake ɗauka ba ta da wani amfani. Ɓerayen suka lalace, suka kasa ƙin fatar da aka dasa musu daga wani ɓera. A 1965 Max Cooper da Robert Good da abokin aikinsu Raymond Peterson suka haɗa labarin: zuriya biyu ce. Masu fitowa daga bursa su ne ƙwayoyin B, su ke ƙera antikor. Masu wucewa ta timis su ne ƙwayoyin T. Ɗan Adam ba shi da bursa. Nasa ƙwayoyin B a ɓargo suke girma. Ƴan ajinmu za su ce sai mu sa wa harafin lanƙwasa kawai, mun huta.

A 1968, a Melbourne ta Ostareliya, Miller da Graham Mitchell suka tabbatar da cewa ga yawancin antijen, B ba ta yin antikor na kirki sai T ta taimaka mata. Amma akwai wani abu da ya ɗaure wa kowa kai. Tun 1959 Philip Gell da Baruj Benacerraf sun nuna cewa in ka lalata siffar furotin, antikor ba ya ƙara gane shi, amma ɗaya ɓangaren tsaron jikin, wanda daga baya aka san na T ne, yana gane shi sarai kamar ba abin da ya faru.

Don a fahimci wannan, a ɗauki furotin kamar dogon carbi mai duwatsu iri 20, wanda aka cukuikuye ya zama dunƙule. Antikor galibi siffar dunƙulen yake ganewa, yadda kake gane mutum da fuska. Ita T jerin duwatsun take karantawa, yadda kake gane mutum da rubutaccen sunansa. To yaya mai duba fuska da mai karanta suna za su gane cewa a kan mutum guda suke magana?

A farkon shekarun 1970 Avrion Mitchison ya ƙara wa tambayar gishiri. Ya nuna cewa ɓangaren da B ke kamawa da ɓangaren da T ke ganewa suna iya zama daban, amma dole su kasance a manne a jiki guda. In ka raba su ka zuba su tare a allura ɗaya, taimako ba ya zuwa. Ku riƙe wannan da kyau. A nan amsar Inna take kwance, ko da yake a lokacin ba a san dalilin ba.

Mahauci da faifan talla

A 1974, a Canberra, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka gano cewa T ba ta ganin antijen tsirara. Sai an ɗora shi a kan wani furotin na jikin mai shi, wanda Faransawa ke taƙaitawa CMH, masu Ingilishi MHC. Ni faifai nake kiransa, irin na talla. T ba ta sayen kaya a ƙasa, sai a faifan gidansu.

Wa ke shirya kayan tallar? A 1981 Kirk Ziegler da Emil Unanue, a Harvard, suka ba manyan maciya mikrob ɗin Listeria. In aka sandarar da maciyin nan take da magani, T ba ta ganin kome. In aka ba shi kamar awa guda kafin a sandarar da shi, sai T ta gani. Ashe akwai aikin da ake yi a ciki. A 1982 suka zuba wa maciyan kulorokin, wato nivakin ɗin nan mai ɗaci da iyayenmu suka sha don zazzaɓin sauro, sai tallar ta tsaya. Kulorokin yana rage tsamin wasu ƴan jakunkuna da ke cikin ƙwaya, alhali wuƙaƙen da ke yanka furotin a can, wato anzim, sai da tsami suke kaifi. A kwanon gwaji aka yi wannan fa, kada wani ya je ya ce na ce nivakin na kashe allura.

A 1983 aka nuna cewa ko sandararriyar ƙwaya tana iya talla in ka ba ta furotin da aka riga aka daddatsa. A 1985 ɗakin binciken Unanue ya nuna guntun furotin na maƙalewa kai tsaye a kan faifan. A 1987 Pamela Bjorkman da Don Wiley da Jack Strominger suka fito da hoton siffar faifan: yana da kwari a samansa, kuma ga wani abu kwance a cikin kwarin. Faifai iri biyu ne. Na farko yana ɗaukar guntaye masu duwatsu kamar 8 zuwa 10, yana yi wa T masu kisa tallar abin da ke cikin ƙwaya. Na biyu yana ɗaukar masu ɗan tsawo, kamar 13 zuwa 25, yana yi wa T masu taimako tallar abin da aka haɗiyo daga waje.

Ke nan ƙwaya mahauci ce kuma ƴar talla: ta haɗiye, ta daddatsa, ta ɗora a faifai. Wadda ta fi kowa iya wannan sana'a ita ce wadda Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka gano a 1973 a New York, mai rassa kamar itace, shi ya sa aka kira ta dandiritik, daga sunan itace a Girkanci. Steinman ya rasu kwana uku kafin a sanar da Nobel ɗinsa a 2011.

Hannun da ya riƙe nama

Yanzu sai antikor ya dawo cikin labarin, ta ƙofar da ba a zata ba. A 1959 Rodney Porter ya yanka antikor na zomo da papayin, anzim ɗin da ke cikin ƙaron gwanda, wanda ke sa nama ya yi laushi. Ya samu gida uku: biyu masu kama antijen, ɗaya kuma wutsiya, wadda aka kira Fc. Antikor yana kama da gwafa: rassa biyu na kamu, gindi ɗaya. Maciya da ƙwayoyin dandiritik suna da maƙamai na musamman da ke cafke wannan gindi. Ita kuma ƙwayar B tana kafe antikor nata a fatarta, rassan na kallon waje, kafin ma ta fara zuba shi cikin jini.

Abu na farko da aka gano: antikor yana tara kaya. A 1984 Kenneth Rock da Benacerraf da Abul Abbas suka nuna a ɓeraye cewa ƙwayar B tana talla da kyau in antijen ɗin irin wanda antikor nata ke kamawa ne. A 1985, a Basel ta Suwis, Antonio Lanzavecchia ya yi gwajin da ƙwayoyin ɗan Adam da dafin tetanos da aka kashe wa kaifi, irin wanda ake allura da shi. Ƙwayar B mai antikor na tetanos ta iya yi wa T talla ko da dafin ya yi ƙaranci sau dubbai a kan abin da sauran ƙwayoyin B ke bukata. Tana kama shi, ta haɗiye, ta daddatsa, ta ɗora guntayen a faifai na biyu. T mai taimako ta karanta, ta ba ta izini. Ga bayanin abin da Mitchison ya gani: B ta kama da fuska, ta haɗiye mutumin duka, ta nuna wa T sunansa. In fuskar da sunan ba a jiki guda suke ba, ba za a haɗiye su tare ba.

Antikor mai yawo cikin jini ma yana yin irin wannan ta hanyar gindinsa. A 1984 Esteban Celis da Tse Wen Chang suka nuna cewa antikor na ciwon hanta nau'in B yana sa ƙwayoyin T su amsa ko da antijen ɗin kaɗan ne ƙwarai. Mahaɗin Wright ya dawo bayan shekara 80, amma yanzu an gane ba haɗiya kawai yake sauƙaƙawa ba, har da talla.

Abu na biyu ya fi ban mamaki: antikor yana canja inda wuƙa ke bi. Duk wanda ya tsaya gaban mahauci ya san inda hannu ya riƙe nama, wuƙa ba ta bi ta nan. Sau da yawa antikor ba ya sakin antijen ko bayan an haɗiye su, don haka wurin da ya dafe yana tsira daga yanka na wani lokaci. Tun 1983 Jay Berzofsky ya kawo shawarar cewa hakan zai sa B ta zaɓi irin T ɗin da za ta taimake ta. Fabrizio Manca da Franco Celada a Italiya suka nuna cewa antikor daban-daban a kan furotin guda, wani na ƙara amsar T, wani na rage ta. Colin Watts, a Dundee ta Sikotlan, ya bi abin da dafin tetanos: a 1989 shi da Howard Davidson suka ga guntayen da ke fitowa sun danganta da inda antikor ya kama. A 1995 ɗakin bincikensa, tare da Lanzavecchia, suka nuna antikor guda yana iya ƙara tallar wani guntu fiye da sau 10, a lokaci guda kuma ya danne tallar wani guntun, dukansu a ƙarƙashin tafinsa.

A nan ne na ji na shigo gida. Mu ƴan harsuna kullum faɗanmu ke nan da masu rubutu a Facebook: raba kalma. Haruffan nan huɗu, t, a, f, i. In ka haɗe su, ka kori mutum: tafi. In ka raba, ka yabi mace: ta fi. Haruffa ba su canja ba, inda aka yanka ne ya canja, ma'ana ta bi shi. T ba ta taɓa ganin jimlar duka ba, abin da aka yanko mata kawai take karantawa. Kuma antikor na cikin masu cewa a yanka nan, a bar nan.

Abu na uku: antikor yana iya canja faifan da ma niyyar ƴar tallar. A 1999, a Cibiyar Curie ta Faris, Armelle Regnault da Sebastian Amigorena da abokan aikinsu suka nuna cewa in ƙwayar dandiritik ta haɗiye antijen da ke lulluɓe da antikor, tana farkawa ta balaga, kuma tana ɗora guntayen har a faifai na farko, ta tayar da T masu kisa. Sai dai a cikin maƙaman gindin antikor akwai wanda aikinsa birki ne, yana cewa ya isa haka. Abin da zai faru ya danganta da wanne aka fi taɓawa.

Birkin nan ma tsohon labari ne. Tun farkon ƙarni na 20 an lura cewa antikor in ya yi yawa yana hana jiki ƙera sabo. A shekarun 1960 likitoci a Liverpool da New York suka mai da wannan magani: ana yi wa uwar da jininta ba shi da alamar Rezus allurar antikor bayan ta haifi jariri mai alamar, don kada jikinta ya koyi yaƙar jinin ƴaƴanta na gaba. An fara amfani da shi a 1968, ya ceci jarirai masu yawa, kuma har yau masana na gardama a kan ainihin hanyar da yake bi.

Komawa tsakar gida

Mikrob ɗin sanƙarau yana sanye da riga ta sukari, kuma da irin rigar ake raba shi nau'i-nau'i: A, C, W, X, Y da sauransu. Tun 1963 likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya bayyana yankin da annobar ke zagayowa da rani, kuma Nijar na tsakiyarsa. A 1996 zuwa 1997 mutum sama da 250,000 suka kamu a yankin, kimanin 25,000 suka rasu, mafi yawa da nau'in A.

Tsohuwar allurar, irin wadda aka yi wa Yaya, sukarin rigar ne zalla. B tana kama sukari, amma sukari zalla ba ya zama a kwarin faifai. Babu talla, babu T, babu izini. B takan yi ɗan antikor ita kaɗai, amma ba ta ajiye tuni mai ƙarfi. Kariyar takan dushe cikin ƴan shekaru, ga ƙananan yara ma ta fi saurin dushewa. Allurar ba ƙarya ba ce, tana tare annoba in ta taso. Amma wadda aka yi wa yaro yana da shekara uku ba za ta tsaya masa yana da goma sha biyu ba.

Dabarar gyara ta girmi bayaninta. A 1929, a New York, Oswald Avery da Walther Goebel suka ɗaure sukari a jikin furotin, suka ga amsar jiki ta ƙaru. A shekarun 1980 John Robbins da Rachel Schneerson suka mai da ita allurar yara. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri don nau'in A, kamfanin Serum Institute na Indiya ya ƙera MenAfriVac a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura. A watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Ita aka yi mana a filin lakkwal. Kun san abin da aka ɗaure wa sukarin? Dafin tetanos da aka kashe wa kaifi, shi dai wanda Behring da Kitasato suka fara da shi, wanda Lanzavecchia da Watts suka yi gwaji da shi. B mai son sukari ta kama sukari, ta haɗiye har da dafin da ke ɗaure da shi, ta daddatsa dafin, ta yi talla. T ta karanta sunan tetanos ta ba da izini, B kuwa ta ƙera antikor na sanƙarau, mai ƙarfi, ta kuma bar ƴaƴa masu tuni. Allurar tana rage ma zaman mikrob a maƙogwaro, don haka wanda aka yi wa yana kare na kusa da shi. Nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankin.

Kada mu yi wa mutane alkawarin da ya wuce gaskiya. A 2015 sanƙarau ya dawo da rigar C, har aka rufe makarantu a Yamai. Antikor na A ba ya gane fuskar C. Sai a 2024 aka fara amfani da allurar da ta haɗa A, C, W, Y da X a Najeriya da Nijar.

Wata tara ɗin ma daga wannan tarihi ya fito. Jariri yana zuwa duniya da antikor na uwarsa, wanda ya ratso ta mahaifa. Yana kare shi, amma in aka yi allurar ƙyanda da wuri, shi ne zai rufe ta ya hana ƙwayoyin B na jaririn su koya. In aka jinkirta da yawa kuma, na uwar ya ƙare, yaro ya zauna ba kariya. Wata tara tsaka-tsaki ne da aka zaɓa don ƙasashen da ƙyanda ke kama yara da wuri. Bincike a Jenewa da Kalifoniya ya nuna kuma cewa ko a lokacin da antikor na uwa ya danne na jariri, ƙwayoyin T nasa sukan koyi darasin.

Ban jira hutu ba, na kira gida. Ban ce antijen ba, ban ce faifai na biyu ba. Na ce: "Inna, ta Yaya an nuna ma jiki rigar ɓarawo kaɗai, ya gani ya manta. Ta yanzu an ɗinka ma rigar takarda mai suna, an kai gun mai rubutawa, ya rubuta ya aje." Ta yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce: "To dan mi ba su ce haka ba tun wancan lokaci? Da sun ce mini ta shekara kaɗan ce, ai da na maida shi." Ban samu abin ce mata ba. Matar Yaya ta gaya mini daga baya cewa Inna ce da kanta ta goya yarinyar zuwa likita, ba ta kuma yi wa kowa magana a hanya ba.

Wannan maganar tata ta fi tambayar farko yi mini nauyi. Kalmar garkuwa tana da daɗin faɗa, amma garkuwa abu ce da in ka riƙe ka riƙe ke nan. Ba ta faɗin cewa wata kariyar na dushewa, wata na zama. Ba ta faɗin cewa ta A ba ta C ba ce. Su kansu Turawa, kalmarsu immunité daga Latin ta zo, asalinta wanda aka ɗauke wa lanho da aikin hukuma, kuma sun yi shekara ɗari suna gyara abin da suke nufi da ita. Maciya, mahaɗi, faifai, talla, tuni: waɗannan nawa ne na gwaji, ban ce sun zauna ba. Ƴan likitanci da ke cikin ƙungiyarmu su duba inda na karkace, ƴan Damagaram da Tawa su faɗi yadda ake cewa a wajensu. A zamanmu na gaba zan zo da jerin kalmomi 30 da na tsamo daga kayen abokiyata. Kowa ya zo da bik.